Shaidar Uwani a Kan Honorabul

Da allurar ɗinkin hula Uwani take tsokale idanun hoton. Duk fostar da aka manna a bangon gidansu a Zaitawa, fuskar take yagewa, ta bar rubutun: Abdulbaƙi Mamman, Manomi Ɗan Manomi.

Shekarar da soja suka koma bariki ya ci kujerar majalisar jiha. Labarinsa kowa ya sani a rediyo: mutumin da ya yi shekara ashirin yana noman gyaɗa da dawa, ya ajiye garma ya ɗauki biro. Ya kai taki ƙauyensu, ya haƙa rijiyoyi biyu. Can Baban Gona suke ce masa, kuma ba sa son baƙo mai yawan tambaya.

Uwani ma daga ƙauyen ta dawo birni bayan ta fita takaba. Ko sau ɗaya maƙwabta ba su ji sunan Honorabul a bakinta ba. In an sako muryarsa, sai ta kashe rediyon ta ce, "Ɓarawon akwati."

"Ke dai da siyasa," in ji Asibi maƙwabciyarta. "Wa bai saci akwati ba a zaɓen nan?"

Sau uku yana aiko mata da shinkafa, tana mayarwa. Da ya ci zaɓe karo na biyu, wanda ya kayar ya kai ƙara, sai ga shi da kansa a zauren gidan, babbar riga na jan ƙasa.

"Yaya Uwani, an ce lauyoyi sun zo wajenki. Ki rufa min asiri. Kujerar Makka na nan, gida ma zan ba ki a Ƙofar Nassarawa."

"Tsagar kumatunka ma na sani," ta ce daga bayan ƙyaure. "Fita."

Bayan kwana biyu 'yan daba suka watsa mata huluna a kwata. Ta tsince, ta wanke, ta shanya.

Ranar zaman kotu magoya bayansa suka cika harabar, suna yi mata ihun tsohuwar munafuka. Ta ratsa su da mayafinta a ka. Shi kuwa yana kujerar gaba, yana share gumi da hannun riga, ya kasa ɗago kai.

Lauya ya miƙa mata takardar shaidar kammala sakandare, wadda Honorabul ya tsaya takara da ita. Ta riƙe ta da hannu biyu, ta daɗe tana kallo.

"Malama, kin san Abdulbaƙi Mamman?"

"Na san shi. Mijina ne. Yau shekara goma sha ɗaya yana kwance a maƙabartar ƙauyenmu. Wannan ƙaninsa ne Mikail, ko ƙofar aji bai taɓa takawa ba. Takardar nan tana cikin akwatin mijina da ya sace."