Yashin Gindin Buhu

Ma'aikaciyar ofishin tana ambatar riba karo na uku, dattijon ya tattara babbar rigarsa ya miƙe.

Ɗansa ne ya matsa masa ya zo wannan ofis na titin Shendam ya ji yadda ake sayen hannun jari. Shi kuwa shekara talatin yana sayen riɗi a hannun manoman Obi da Kwandere, bai taɓa biyan buhun da bai soka wa ƙarfe ya ga cikinsa ba. Yau ga yarinya da kwamfuta tana cewa wai zai mallaki wani yanki na kamfanin da ko ƙofarsa bai taɓa gani ba. Haka wasu masu kwat suka zo bara da daɗin baki, suka yashe rabin 'yan layinsu a kasuwa.

A bakin ƙofa ya juyo, ya jefa mata tambayar da ya yi wa waɗancan.

"'Yata, kuɗin nan zai iya narkewa?"

"Sosai ma, Baba. Farashi yana faɗuwa, kamfani yana durƙushewa. Kada ka sa kuɗin cefane, kada ka zuba duka wuri ɗaya."

Waɗancan har rantsuwa suka yi masa cewa babu asara. A iya saninsa kuma, mai rantsuwar buhunsa ba yashi, a nasa ake samun yashin.

Ya dawo ya ja kujera ya zauna.

"To, koma farko. A hankali."