Baƙin Sadakar Uku

Da hantsi ne, hadari ya haɗu amma ruwa bai sauko ba. Ranar sadakar ukun Baba mun aro tabarmi har daga masallaci, sai dai 'yan unguwa kaɗai suka zo. A waya kuwa jama'a sun yi ta yi mini gaisuwa, suna cewa suna tafe. Wani Malam Jatau har ya rubuto cewa Baba ya taɓa gyara masa keke kyauta. Da na karanta wa Inna ta yi kuka, ta ƙara daka gumba.

Da na ga baƙin wayar ba su iso ba, na sami abokina Ɗanlami a gindin sabon ƙarfen sabis na waya, inda yake aiki.

"Ɗanlami, ina mutanen nan da ke ta rubuto mini a waya?"

"Saƙonnin gwaji ne fa, Ilu. Kamfani ke sako su don a ga ko layi zai ɗauki cunkoso. Ba mutane ba ne."

"Ka sani, kana kallon Inna tana daka?"

"Wallahi an hana mu faɗa."

Wayata ta yi ƙara. Malam Jatau ne, wai ya kusa isowa.

Ɗanlami ya koma aikinsa, ya hau tsani, iska tana kaɗa shi. Na riƙe masa tsanin. Bai dubo ƙasa ba.