Tsallaken Gogo

Kwana uku Safiyanu yana dafe da gefen cikinsa na dama yana murƙususu. Ɗan shekara tara ne, mai jiki, ko mura ba ta cika kama shi ba. Ubansa Jatau ya gwada jiƙo, ya gwada rubutu, a banza.

Sai wata maƙwabciya ta tuna cewa ran kasuwar Gangara ta ga tsohuwa Gogo ta miƙa wa yaron ƙosai.

Dama Jatau a cike yake da tsohuwar nan. Tun yana yaro a gidan kakansa ba ta taɓa kiran sunansa ba, in ya gaishe ta sai ta kau da kai. Wasu na cewa kawaici ne, shi dai ƙiyayya ya sani.

A gaban jama'a ya jawo ta, ya kira ta mayya, ya ce ta tsallake yaron ta saki kurwarsa. Ta tsallake sau uku. A ranar ta ɗaure kayanta ta tafi Cadawa wurin ƙanenta Nomau.

Ciwo kuwa bai ko gezau ba. Dole aka ɗauki yaro zuwa asibiti a Maraɗi. Har an fara zancen fiɗa, sai hoton ciki ya nuna kitsen nan ne da ke lulluɓe da hanji, irin wanda mahauta ke naɗe hanta da shi, wani sashensa ya murɗe jini ya daina kai masa. Likita ta ce ba a cika ganinsa ga yara ba, kuma babu hannun kowa. Maganin raɗaɗi da hutu kawai, kwana goma Safiyanu ya miƙe.

Amma da suka dawo gari, Jatau ya ga in ya gifta mata na janye 'ya'yansu. A masallaci an fara bar masa fili. Ransa ya ɓaci, ya tabbata makircin tsohuwar ne, ya hau babur sai Cadawa.

Nomau ya tare shi a zaure, ko tabarma bai shimfiɗa masa ba.

"Ba za ta fito ba," in ji shi. "Kuma ba ta haɗa ka da kowa ba, kai ka yi wa kanka. Duk garinku an san a nono ake shan maita. To, kai ɗan farinta, nonon wa ka sha in ba nata ba?"