Sabuwar Fankar Dikko

Dikko ya toshe hanci da hularsa, ya tofar da yawu ta taga. Kwana huɗu ke nan ɗakin da yake haɗa bidiyon biki a gidansa na Tambuwal yana wari kamar mushe, ga bidiyon wani ɗaurin aure da 'yan Kebbe za su zo karɓa gobe.

Da can zafi ne damuwarsa. Kwamfutar a kan sola take, ba ta hutawa, katin hotonta kuwa kan ɗau zafi har ta mutu ana tsakiyar aiki. Sai da ya je Sakkwato ya zaɓo wa katin fanka mai baki uku, ya ƙara biyu a jikin akwatin kwamfutar, ɗaya na jan iska, ɗaya na fitarwa. Zafi ya tafi, wari ya zo, sabbin fankokin kuma suna feso masa shi a fuska.

"Mushen ɓera ne," ya ce, ya kwance murfin ƙasan akwatin, inda bai taɓa leƙawa ba.

Ƙwan zabi ne guda tara naɗe cikin tsumma. Biyu sun fashe, ruwansu kore shar. Ya ƙwala kira.

"Saudatu! Wace irin ƙazanta ce wagga?"

Matar tasa ta leƙo, ta tafa hannu tana salati. Sannan ta galla masa harara.

"Ashe kai ne, Malam! Damina biyu nika aza ƙwai nan ciki, suna ƙyanƙyashewa lafiya lau. Wa yac ce ka sanyaya mani kazata?"