Gonar Kabejin Soja

"An kasa haɗawa." Karo na tara ke nan kwamfutar na faɗa mata haka.

Ta zare wayar intanet ta mayar, ta sake bin takardar da ɗanta ya manna a bango ranar da ya tafi aikin soja na dole. Takardar ta yadda za ta shiga wasan noman kwamfuta ce, ta kula masa da gonarsa. Kamfanin ya daɗe da rufe wasan. Wani mutumin birnin Busan ne ya raya shi a kan babbar kwamfutarsa, kuma dokarsa ɗaya ce: gonar da ta yi wata ba a leƙa ba, sharewa za a yi. Hidimar haɗa kimchi, jiƙaƙƙen kabejin da ake tanada don hunturu, ta ɗauke mata hankali, ga shi yau kwana talatin cif.

Ta kira mutumin a waya.

"Mama, layinki ƙalau yake. Wani ne a cikin gonar."

"Ɓarawo?"

"In ɓarawo ne, bai iya sata ba. Kullum da rana sai ya shigo daga shagon wasan unguwarku, ya yi ta karo da katanga, ya ba kabeji ruwa, ya fita."

Da silifas ta sauka, ta nufi shagon. Can ƙuryar shagon ta hango hular tuƙin tasi ta mijinta, mutumin da ya shekara goma yana kiran wasan nan aikin banza. Tabarau a kan hanci, yana lalube da yatsa ɗaya.

Ta sauke ajiyar zuciya. "Maigida, abincin ranar da kake cewa kana fita ci kullum ke nan?"

Ko juyowa bai yi ba. "Ke dai danne min nan. Saura kunya biyu."