Maganin Ƙashin Inna

Likita ta ɗaga hoton ƙashin Inna, ta daɗe tana kallo.

"Wata shida ke nan kina shan magani, amma ƙashin bai ƙara ƙwari ba. Mama, in kika faɗi a haka, ƙugunki zai karye."

Na ce, "Likita, ni nake saya mata ƙwayoyin kalsiyom ɗin nan. Duk wata kwalbar ƙarewa take yi tas."

Likita ta ce tun da al'ada ta ɗauke wa Inna ƙashinta ke zaizayewa. Wataƙila maganin ne bai karɓe ta ba, sai a canza.

Inna ta yi caraf ta ce, "A'a, kar ki canza, 'yar nan. Maganinki ba ƙarya."

Ta buɗe jakarta, ta ciro ƙwai, ta ƙwanƙwasa shi a kan tebur. Ko tsagewa bai yi ba.

"Kin gani? Da can ƙwan kajina kina taɓawa yake fashewa. Tun da na fara daka musu maganin cikin dusa, ga shi nan. Goma na kawo miki, na godiya."