Kulocin da Ba Ya Dawowa

Ciwo biyu ne da motar, kuma dillalin ya san su sarai. Idan ka taka kuloci har ƙasa, can yake lafewa, ba ya dawowa sai ka sunkuya ka jawo shi da hannu. Idan kuma ka hau tudu ka ba ta wuta, injin ya yi ta ihu ke nan, ita kuwa tana jan jiki, warin ƙuna yana cika hanci. Sabon fentin ruwan toka da aka shafa mata bai warkar da ko ɗaya ba.

Duk mai sayen da ya zo da bakanikensa, magana ba ta nisa. Bakanike zai ja birkin hannu, ya sa babbar giya, ya ɗago kuloci a hankali. Lafiyayyar mota nan take za ta mutu. Wannan kuwa sai ta ci gaba da gurnani abinta, alamar faifan kulocin ya cinye, sulɓi kawai yake yi. Daga nan sai tsaki, sai a kakkaɓe hannu a tafi.

Mai filin sayar da motocin ya gaji. Da safen nan ya ce shi bai san inda aka samo ta ba, ba ya kuma son ya sani, amma in ta sake kwana a filinsa, dillali ya kwashe bencinsa da lemarsa ya nemi wani wuri. To ina zai je? Bakinsa ne kaɗai jarinsa, kuma kowa a layin ya riga ya san bakin.

Don haka da ya hango wata dattijuwa ta shigo da tabarau da silifas na roba, sai da ya yi hamdala. Ga irin mai sayen da yake addu'a: tsohuwar ungozoma, in ji ta, ta ajiye aiki, tana neman 'yar abin hawa. Wani ƙato ya biyo ta, baƙin takalminsa sai sheƙi, ya toge a bakin ƙofa. Ko bonet bai kalla ba. Dillali ya auna shi sama da ƙasa ya ce a ransa, wannan girman banza ne, ko inda ake zuba mai bai sani ba.

Ta wuce motoci masu lafiya tamkar ba ta gan su ba, ta tsaya a kan mai ruwan toka. Kai, wasu mutanen da ƙafarsu suke zuwa neman wahala!

"Mama, kin iya zaɓe," ya ce. "Wannan ko tari ba ta taɓa yi ba."

Ta sa farce ta ɗan kankare fentin a gefen ƙofa, ta duba. Ya kau da kai yana danne dariya. Halin tsofaffi ke nan, a bar inji a tsaya neman aibu a jikin fenti, don a samu abin yin ciniki.

Ta ce za ta gwada. Ya so ya hana, amma ya tuna a fili suke, babu tudu, kuma in kuloci ya maƙale ai sai ya ce ƙafarta ce ba ta saba ba. Ya miƙa mata makulli, ya zagaya ya zauna a gefenta. Ta jawo kujera gaba, ta cire silifas ɗin hagu ta ajiye. Tuƙi ba takalmi! Ya tausaya wa duk wanda zai haɗu da ita a titi.

Ta tayar, ta sa giya, suka zagaya filin. Ya cika ta da surutu don kada ta ji komai: ga rediyo, ga sanyi, ga taya sababbi. Ta canza giya, ta sake canzawa. Motar tana tafiya sumul, har shi kansa ya fara yarda da ƙaryarsa.

A ƙarshen filin ta tsaya, ta ja birkin hannu, ta sa babbar giya, ta ɗago ƙafa a hankali. Injin bai mutu ba. Warin nan ya taso.

"Sulɓi yake yi," ta ce. "Ya ƙara lalacewa."

"Haba Mama, sabunta ce, bai gama zama ba."

Sai a lokacin ya kalli ƙasa. Ta sake taka kulocin, ya lafe kamar kullum. Kafin ya buɗe baki, ta zura babban yatsan ƙafarta ƙarƙashinsa ta gefe, ta ɗago shi cak, idonta na kan hanya. Ashe abin da take yi ke nan tun ɗazu. Shi da ya yi ta fama da motar nan, har yau sai ya sunkuya yana nishi.

Ya waiwaya. Ƙaton ya tura ƙofar filin ya rufe, yana tahowa ba gaggawa, ankwar 'yan sanda tana ƙara a aljihunsa. Mai filin kuwa ya ɓace kamar ba a taɓa haihuwarsa ba.

Duk zaƙin bakin nan, tambaya ɗaya dillali ya iya haɗawa.

"Mama, wa ya gaya miki yana maƙalewa?"

Ta kashe motar, ta zare makullin, ta jefa a jakarta.

"Ɗan nan, tun tana da jan fentinta nake ɗago shi da yatsan nan, kafin ku ɗauke min ita a ƙofar asibiti ina ciki ina karɓar haihuwa."